Nono a Hammata da Ƙullutun da Ya Fito Cikinsa: Nazarin Lamarin Wata Mai Shekara 27

Wannan lamari ne na koyarwa, an tsara shi bisa yadda matsalar ta saba zuwa ɗakin duba marasa lafiya na sashen tiyata.

Mace ce 'yar shekara 27, matar aure, haihuwarta biyu, ta yaye na biyun wata huɗu da suka wuce. Abin da ya kawo ta shi ne wani ƙullutu mai tauri a hammatarta ta dama, wanda ta fara ji wata takwas baya, tana cikin shayarwa. Ta ɗauka da ta yi yaye zai baje. Bai baje ba, sai ma ta ga ya ɗan ƙaru. Sau biyu ana ba ta antibayotik, na farko a kemis, na biyu a ƙaramin asibitin unguwa, duk a kan cewa kaluluwa ce. A zuwa na biyun har an yi mata maganar ko tarin fuka ne ya kama kaluluwar.

Da aka zauna aka bi tarihin a tsanake, sai labari ya sauya. Kumburin hammata ba sabon abu ba ne a wurinta. Tun tana shekara 14, lokacin da ƙirjinta ya fara fitowa, ta lura da wani tudu mai laushi a hammatar dama, da wani ƙarami a ta hagu. Duk wata, kwana uku ko huɗu kafin al'ada, tudun yakan cika ya yi nauyi yana mata tsami, jini na zuwa ya lafa. Da cikin fari ya ƙara girma. Kwana uku bayan haihuwa ya kumbura ya yi tauri har ba ta iya sauke hannu sosai, manya a gida suka ce kaluluwar jego ce, aka riƙa gasa mata da ruwan zafi lokacin wanka, cikin kwana goma ya sauka. Haka ya sake yi a haihuwa ta biyu. A wannan karon an kawo shawarar a kira wanzami ya yi sakiya, mijinta ya ƙi.

Wannan tarihi shi kaɗai ya kai rabin gano cutar. Kaluluwa ba ta bin al'ada, ba ta bin ciki, ba ta bin zuwan ruwan nono. Kumburin da ya fara da balaga, yake cika kafin jini, yake kumbura a kwana na uku na jego, tsokar nono ce har sai an tabbatar da akasin haka. Tambaya guda ce ake mantawa da ita a ɗakin duba mai cunkoso: "Malama, yana ƙaruwa in al'adarki ta kusa?"

Sauran tambayoyin duk ba su nuna komai ba. Ba zazzaɓi, ba gumin dare, ba rama, ba tarin da ya haura mako biyu, ba wanda ke shan maganin tarin fuka a gidan. Ba rauni ko ƙurji a hannu, kyanwa ba ta yakushe ta ba. Ba a taɓa samun sankarar mama ko ta ƙwan mahaifa a danginta na kusa ba. Kan nononta ba ya fitar da jini.

Abin da aka gani a jiki

An duba ta a zaune, ma'aikaciyar jinya na tsaye a wurin. Da farko hannuwa a sauke, sannan a ɗage sama, sannan ta dafa ƙugu ta matsa. Wajen lalube hammata, likita yakan ɗora damtsen mara lafiya a kan nasa hannun don naman wurin ya saki. In hannun na sama a miƙe, fata da tantanin hammata sukan ɗaure, abin da ke ciki ya ɓuya.

A dama akwai tudu mai laushi, kimanin santimita 7 da 5, a kwance daf da fata, yana motsi tare da ita. Ba kan nono a jikinsa, ba baƙin da'ira, ba ƙofa. Tsakaninsa da ainihin nonon akwai ɗan kwari da yatsa ke faɗawa, alamar ba a haɗe suke ba. A cikin tudun ne ƙullutun yake, wajen santimita 3, mai santsi, mai iyaka a fili, taurinsa kamar na ɗanyen goro, yana zillewa in an danna, ba ya ciwo. Fatar da ke kansa lafiya lau. A hagu tudun bai wuce santimita 4 da 3 ba, kuma ba komai a cikinsa. Nonuwan biyu ba ƙullutu. Ba kaluluwa a wuya, ko saman ƙashin wuya, ko matsematsi, saifa ba ta kumbura ba.

Ƙasan nonon hagu, wajen yatsa uku daga lanƙwasar, akwai wani ɗigo baƙi mai ɗan tudu da ɗan rami a tsakiyarsa. Ita dai ta san shi da tawadar Allah. Ƙaramin kan nono ne na ƙari, kuma ganinsa ya ƙara ƙarfafa zaton.

Daga ina nono ya zo hammata

A makonnin farko na ciki, wajen mako na 4 zuwa na 6, fatar ɗan tayi takan yi kauri a layi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, daga hammata zuwa matsematsi. A jikin ɗan Adam layin yakan shafe gaba ɗaya sai a ƙirji, inda nono zai fito. In wani yanki ya ƙi shafewa, sai ya zauna shiru har sinadaran balaga su tashe shi. Shi ya sa ake haihuwar mutum da abin amma ba a ganinsa sai an girma, wasu matan ma sai da cikin fari. Alƙaluman da aka saba kawowa su ne kashi 2 zuwa 6 cikin 100 na mata, maza kuma kashi 1 zuwa 3. Yakan bi jini a wasu gidajen. Hammata ce wurin da tsokar nono ta ƙari ta fi zama, shi kuwa kan nono na ƙari ya fi fitowa ƙasan nono.

A 1915 wani masanin sassan jiki ɗan ƙasar Finlan, Yrjö Kajava, ya kasa abin kashi takwas, tun daga cikakken nono mai kai da da'ira har zuwa ɗan tsiron gashi kawai. Na hammatar wannan mata aji na huɗu ne, wato tsoka zalla ba kai ba da'ira. Ɗigon ƙasan nononta aji na shida ne, wato kan nono kaɗai. Aji na huɗun shi ya fi ruɗa ma'aikatan lafiya, domin ba abin da ke jikinsa daga waje da zai sa a tuna da nono.

Kada a haɗa shi da jelar nono, wadda ake kira da sunan likitan tiyatan Sikotilan James Spence. Ita jelar wani ɓangare ne na ainihin nono da ya miƙa zuwa hammata, a haɗe take da shi, kuma kowace mace na da ita gwargwado.

Tunda tsokar nono ce ta gaske, duk abin da ke samun nono yana iya samun ta: ciwon kafin al'ada, cikar ruwan nono, ƙurji mai mugunya, jakar ruwa, ƙullutu marar illa, har da sankara.

Abubuwan da aka auna kafin yanke hukunci

Zaton tarin fuka ba shirme ba ne. A ƙasar da cutar ta yi yawa irin Najeriya, dole ne duk mai duba kumburin hammata ya tuna da ita. Amma kaluluwar tarin fuka ta fi son wuya, takan zo da yawa a manne da juna, daga baya ta yi laushi ta fashe tana tsiyaya. Kaluluwa gaba ɗaya a can cikin ramin hammata take, wannan ƙullutu kuwa a sama yake cikin tsoka mai laushi. Ƙullutun kitse laushi gare shi, ba ruwansa da al'ada. Jakar fata takan manne da fata, sau da yawa da ɗan baƙin baki a samanta. Ciwon marurai masu dawowa a hammata yakan bar tabbai da ramuka masu wari. Abin da ya rage a kawar shi ne sankarar kaluluwa, da sankarar mama da ta bazu zuwa hammata, da sankarar da ta tsiro cikin nonon ƙarin kansa. Waɗannan ba a kawar da su da hannu.

Ƙa'idar ƙullutun nono ita aka bi, mai ƙafa uku: dubawar hannu, hoto, gwajin tsoka.

An yi sikanin na nonuwa biyu da hammata biyu da kan na'ura mai ƙarfin ganin abin da ke kusa da fata. Hoton ya nuna tsoka mai zubi irin na nono a ƙarƙashin fatar hammata ta kowane gefe. A dama, cikin tsokar, ga ƙullutu mai siffar ƙwai, santimita 3.1 da 1.8, a kwance yake bin shimfiɗar fata, gefensa a tsabtace, cikinsa bai ɗaya, ya fi kewayensa duhu. Ba shi da farar cibiyar kitse da ake gani a tsakiyar kaluluwa. Kaluluwan da ke can ƙasa kuma lafiyarsu ƙalau, ɓawonsu bai kai kaurin milimita 3 ba. Ba a yi mamogiram ba, wato hoton nono na X-ray. A shekara 27, ga shi ba a daɗe da yaye ba, tsokar nono a cushe take, hoton ba zai nuna abin kirki ba. Da ta haura 40 da an yi, tare da gaya wa mai ɗauka ya shigar da hammata, domin abin da ke can sama yana iya faɗawa wajen hoton.

Siffar ta yi daidai da faibiro'adinoma, ƙullutu marar illa da ya fi kowane yawa a nonon mata masu shekara 15 zuwa 35. A ma'aunin BI-RADS, wanda masu hoton nono ke amfani da shi wajen kimanta haɗarin sankara, irin wannan siffa kan faɗa mataki na 3, inda yiwuwar sankara ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba. Sai dai wannan yana girma, kuma ya kai santimita 3. Wannan ya isa dalilin ɗibar tsoka.

An kashe wurin da lidoken, aka ɗan tsaga fata, aka shigar da allurar ɗibar tsoka mai lamba 14 ana kallon bakinta a sikanin, aka ciro sili huɗu. A hammata alkiblar allura ita ce komai. Dole ta tafi a kwance, daidai da bangon ƙirji. In ta nufi ciki tana iya huda tantanin huhu, in ta nufi sama akwai manyan jijiyoyin jini na hannu. An danne wurin minti goma. A takardar da ta raka samfurin an rubuta cewa daga hammata ne, ana zaton nonon ƙari, kuma matar ta yi yaye wata huɗu baya. Wannan rubutu ba ƙawa ba ne. Likitan binciken tsoka da ya ga ƙwayoyin nono a samfurin da aka ce masa na kaluluwa ne, yana iya karanta su a matsayin sankarar da ta bazu, kuma sauyin da shayarwa ke bari a ƙwayoyin yakan sa su yi kama da marasa lafiya.

Siririn allura mai zuƙo ƙwayoyi kawai ta fi araha, ta fi samuwa, kuma inda ita ce ke akwai a yi amfani da ita, ta fi babu nesa ba kusa ba. Rauninta shi ne ba ta nuna ginin tsoka, don haka da wuya ta raba faibiro'adinoma da filodis, wani ƙullutu da ke kama da shi amma yana girma da sauri, yana dawowa in ba a cire shi da gefe mai faɗi ba, wani lokaci ma mai illa ne. Sakamakon wannan mata ya fito faibiro'adinoma.

A cire ko a bari

Ba kowane faibiro'adinoma ake cirewa ba. Wanda bai kai santimita 3 ba, ba ya girma, ba ya damun mai shi, kuma gwaji ya tabbatar da shi, ana iya barinsa a sake sikanin bayan wata shida. Haka nan nonon ƙari da ba ya ciwo ba ya buƙatar wuƙa. Ba a cire shi don tsoron sankara kawai, tunda tsokar ba ta fi ta ƙirji haɗari ba.

Nata ya bambanta. Ya kai girman da ake cirewa, yana ƙaruwa, tudun da yake ciki yana wahalar da ita kowane wata da kowane jego, yana gogar rigar mama, kuma tana son ƙarin haihuwa. An zauna da ita da mijinta aka yi bayani, aka tsaya a kan cire ƙullutun tare da duk tsokar ƙarin ta dama, a bar ta hagu. Barin hagun shawara ce mai kyau. Ƙarama ce, ba komai cikinta, kuma yanka hammata biyu a rana ɗaya yakan bar mace mai ƙananan yara ba hannun da za ta yi aiki da shi.

Lokacin ma ya dace: gwajin ciki bai nuna komai ba, nono ya ƙafe. Yanka tsokar da ke kan yin ruwan nono yana jawo zubar jini da yawa, kuma ruwan kan samu hanya ta bakin raunin ya yi ta tsiyaya makonni, raunin ya ƙi rufewa. Abin da sakiyar da aka so yi mata a jego za ta iya haifarwa ke nan, ban da ƙwayoyin cutar da ƙarfen zai shigar.

Aikin

An zana iyakar tudun da alƙalami tana tsaye, hannu a sauke, domin da zarar ta kwanta tsokar takan baje iyakar ta ɓace. An yi mata allurar barci. Hannun an shimfiɗa shi a gefe, ba a bari ya wuce kusurwar digiri 90 ba, gudun jan jijiyoyin da ke saukowa daga wuya zuwa hannu. An yi yankan a cikin lanƙwasar fatar hammata, inda gashi ke fita, aka haɗa da ɗan siririn yankin fata da ya yi saura. Yankan bai tsallaka gaban hammata ba, domin tabon da ya hau kan wannan tudun nama yana fitowa fili kuma yana ɗaurewa.

Wahalar aikin a fata take. Tsokar nonon ƙari a manne take da ita. In aka bar fatar da kauri sosai, an bar tsoka, ciki na gaba za ta sake kumbura, matar ta ce ba a yi mata komai ba. In aka fere ta da yawa, jini ya yanke mata, gefen raunin ya yi baƙi ya mutu. Ana barin ɗan siririn kitse a jikin fatar ko'ina daidai. Ta ƙasa kuma iyaka ita ce tantanin da ya rufe ramin hammata. Ba a keta shi. Bayansa ne kaluluwai suke, da babbar jijiyar jinin hannu, da jijiyar da ke riƙe allon kafaɗa a jikin haƙarƙari, wadda in aka yanke ta allon zai riƙa tasowa. Taɓa kaluluwai ba dalili yana iya barin hannu da kumburi na dindindin. Wadda ta fi shiga hatsari ita ce jijiyar da ke kai ji zuwa fatar cikin damtse, domin rassanta kan ratsa kusa da wurin aikin.

An fitar da tsokar ɗungurungum da ƙullutun a cikinta, aka tsayar da jini, aka sa robar tsiyayar da ruwa, aka ɗinke hawa biyu, aka ɗaure da bandeji mai ɗan matsi. Zuƙe kitse da na'ura, wanda wasu ke so saboda ƙaramin tabo, bai dace da wannan lamari ba: yana dagargaza tsokar, ba ya iya fitar da ƙullutu mai tauri, kuma ba ya barin abin da za a kai gwaji.

Abin da aka cire an saka shi nan take cikin fomalin, ruwan da ke hana tsoka ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10, ruwan ya ninka girman tsokar sau goma. Kuɗin wannan gwaji na biyu yakan yi wa iyali nauyi bayan sun biya na aiki, kuma a nan ne ake yawan cewa ai an riga an gwada, a zubar kawai. Kuskure ne babba. Allura ta ɗebo sili huɗu ne daga wuri guda, sauran tsokar ba wanda ya gani. Gara a sa kuɗin gwajin cikin lissafi tun ranar da ake maganar aiki.

Bayan aiki

Robar ta tara mililita 60 a rana ta farko, 40 a ta biyu, 20 a ta uku, aka cire ta, tunda abin da ake jira shi ne ya sauka ƙasa da 30 a yini da kwana. A kwana na goma ta dawo da kumburi mai laushi ƙarƙashin ɗinkin, ba zafi ba ja, hankalinta a tashe tana zaton abin ne ya dawo. Ruwa ne ya taru, matsalar da ta fi kowace yawa bayan aikin hammata, domin wuri ne da ba ya zama shiru. Da aka bincika, ta koma daka da ɗaukar ruwa tun kwana na shida. An zuƙe mililita 45 da sirinji cikin tsabta, aka sake bayan kwana biyar, bai ƙara taruwa ba. Umarnin da ake bayarwa shi ne motsa kafaɗa a hankali tun daga kwanakin farko don kada ta sage, amma daka, wanki mai yawa, ɗora kaya a ka da saɓa yaro a wannan hannu su jira mako uku zuwa huɗu. Aski, alimun da turaren hammata su ma sai rauni ya rufe sarai.

Wani yanki na fatar cikin damtsenta ya daina jin taɓi sosai. An riga an gaya mata haka na iya faruwa, kuma zuwa wata na uku jin ya dawo kusan duka. Da yake baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu, an duba tabon a mako na shida da wata na uku. Ya kwanta lafiya. Da ya fara tashi yana ƙaiƙayi, da an fara allurar tirayamsinolon, maganin da ke kwantar da tabo, a cikin tabon duk mako huɗu zuwa shida.

Sakamakon ƙarshe ya nuna faibiro'adinoma mai santimita 3.2, an cire shi duka, kewaye da shi akwai hanyoyi da jakunkunan nono lafiyayyu, abin da ya tabbatar da cewa a cikin nonon ƙari ya tsiro. Ba filodis, ba sankara.

Hammatar hagu tana nan, kuma za ta kumbura a haihuwa ta gaba, galibi tsakanin kwana na 2 da na 5. An yi mata bayanin abin yi: ta ci gaba da shayarwa, ta ɗora tsumma mai sanyi minti 15 zuwa 20 sau da yawa a yini, ta sha farasitamol giram 1 duk awa shida zuwa takwas in ciwon ya dame ta, kada ya wuce giram 4 a rana. Kada a matsa, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi, domin zafi da murza ƙara kumburin suke. Ruwan nonon da bai samu mafita ba shi da kansa yake sa tsokar ta daina yin wani, cikin mako ɗaya zuwa biyu ta sauka. In zazzaɓi ya haura digiri 38, ko wurin ya yi ja yana zuga, ta zo asibiti a ranar. Ko mugunya ce ta taru, an fi son zuƙe ta da allura ana kallo a sikanin a kan a tsaga.

Sankarar da ke tsirowa a nonon ƙari ba ta da yawa, ana ƙiyasta ta da kashi 0.3 zuwa 0.6 cikin 100 na duk sankarar mama, amma takan daɗe ba a gano ta ba saboda ana ta ba ta maganin kaluluwa, ga shi kuma tana maƙwabtaka da kaluluwan da za ta bazu cikinsu. Don haka an koya wa matar ta riƙa haɗa hammata biyu duk lokacin da take duba nononta, 'yan kwanaki bayan ɗaukewar al'ada. Ƙullutu mai tauri da ba ya motsi, fata da ta lotsa ko ta yi kauri, gyambon da ya ƙi warkewa, ko kumburin da bai sauka bayan al'ada ba, kowanne daga ciki dalili ne na dawowa ba tare da jiran ranar da aka ba ta ba. An rubuta a katinta cewa tana da tsokar nono a hammatar hagu, domin duk wanda zai yi mata sikanin ko mamogiram nan gaba ya shigar da wurin cikin hoton, aka ba ta wata shida ta dawo a sake dubawa.